Shafin da Aka Juya a Tsakiyar Ruwa

Har yau in na ga kwale-kwale, ko a hoto ne, sai na ji tafin ƙafata ya yi sanyi. Abin da ya same mu a hanyar Guri wata damina, ina aji biyar na sakandare, bai taɓa fita daga raina ba, ban kuma ga ranar da zai fita ba.

Mu uku ne ƙawaye a lokacin, manga ce ta haɗa mu. Littattafan zane ne na ƙasar Japan, baƙi da fari, ana karanta su daga dama zuwa hagu. Wata doguwar yarinya 'yar ajinmu ce ta fara kawo mana su a tsohuwar wayar yayarta. Ni da ita ba mu sha wuya ba, tunda haka muka saba da allo. Ta ukunmu, 'yar malaminmu na lissafi, mutanen Filato ne, ita kam ta daɗe tana fara labari daga ƙarshe tana mamakin yadda ake kuka kafin a yi mutuwa.

Kowa da irin wadda take so. 'Yar malam ta soyayya, musamman wadda za a yi ta kallon juna babi bayan babi ba a ce komai ba. Doguwar ta ban tsoro, in ta rasa sai wadda ake faɗa a ciki. Ni kuwa na fi son waɗanda ake zaman gida kawai, a dafa abinci, a shanya kaya, kyanwa ta kwanta a bakin taga. Nakan tsaya ina kallon abin da mai zanen ya ajiye a lungun hoto, buta ko takalmin da aka cire a karkace. Kullum sai sun yi mini tsiya.

"Ke Malama Shiru," in ji doguwar, "wannan naki me ya faru a ciki?"

"Sun ci abinci," in ce da ita.

"Shi ke nan? Ai ko a gidanmu an ci."

Ba na iya musu. Muryata ƙarama ce, in mutum biyu suna magana tawa ba ta fita, sai in yi murmushi in bar su.

A daminar nan yayar doguwar ta haihu a wani ƙauye da ke gefen Guri, aka bar mu mu bi matan gidansu zuwa suna. Su sun yi sammako, mu muka biyo daga baya. Mota ta kai mu inda ruwa ya cinye hanya ta tsaya, daga nan sai fito.

Mai fiton dattijo ne, siriri, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Ba ya barin kowa ya zaɓi wurin zama. Sai ya dube ka sama da ƙasa, ya nuna maka inda nauyinka ya dace. Ya ajiye wata mai goyo a gaba, buhun shinkafa da mai shi a tsakiya, mu uku a bayan buhun, a ƙasan jirgi.

"'Yan mata, ku ji ni da kyau," ya ce. "Inda na ajiye mutum nan zai sauka. Ko maciji kuka gani a cinyarku, ba a tashi a jirgina."

Duk ɗan Haɗeja irina da doguwar ya san wannan. Abin da ba mu tuna ba shi ne 'yar malam ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba, ba ta kuma iya iyo ba. Ta riƙe gefen jirgin har yatsunta suka yi fari. Ni kuma idona na kan bakin jirgin. Tsakaninsa da ruwa bai wuce faɗin tafin hannuna ba.

Doguwar ta ga ƙawarmu a tsorace, ta so ta ɗauke mata hankali, sai ta tayar da tsohon musunsu.

"Ki faɗi gaskiya, ta soyayyar nan taki ba barci take sa ki ba?"

"Ta fi taki dai. Jini da haƙora, me ke ciki?"

"Ba ki gane ba. A fim abin tsoro shi ke zuwar miki. A manga ke ce kike kawo shi da yatsanki. Kin san yana bayan shafin, kuma sai kin juya. Wanne labarin soyayya ne ya taɓa sa hannunki rawa?"

"Zane ne fa. Tawada ce. Ni ba ta ba ni tsoro."

"To ungo."

Ta miƙa mata wayar. Na leƙa na gane labarin, don na taɓa karanta shi a tsakar gidanmu da rana tsaka, duk da haka sai da na yar da wayar. Wani masunci ne yake jan koma. Hotuna ƙanana ne a jere, ruwa shiru, igiya tana tahowa, hannunsa yana ja. Shafi na gaba kuwa fuska ce guda ta cika shi, fuskarsa ce shi kansa a cikin komar, baki a buɗe, ido babu baƙi.

Mun riga mun shiga tsakiya. Ciyawar kacala ta yi mana katanga dama da hagu, ba a ganin tudu ko ta ina. Na lura gorar da dattijon ke tura jirgi da ita tana nutsewa kusan duka kafin ta taɓa ƙasa. 'Yar malam ta saki gefen jirgin ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Ku bari sai mun sauka," na ce.

Ba wanda ya ji. Doguwar tana dariya tana cewa, "Ci gaba mana, jaruma." Na sake faɗa, muryar ba ta wuce hijabina ba. Na ga yatsan 'yar malam ya ɗaga.

Daidai lokacin da fuskar ta bayyana, wani jiƙaƙƙen ganyen kacala ya shafi wuyanta. Ta kurma ihu ta miƙe tsaye.

Jirgin ya karkata hagu. Ruwa ya haura baki ya zubo mana, mai sanyi, ja kamar kunun kanwa. Buhun shinkafar ya zame. Mai goyo ta dafe bayanta tana salati, jaririn ya tsala kuka. Dattijon ya kafa gora ya jingina duk jikinsa a kanta yana cewa, "Kada kowa ya motsa! Kada ku koma ɗaya gefen!" Ita kuwa 'yar malam tana tsaye tana tangaɗi, hannuwanta suna neman abin kamawa a iska, tana kiran sunan Yesu. Na ga diddigenta ya ɗaga daga ƙasan jirgin. In ta faɗa, na san doguwar za ta yunƙura ta kamo ta, daga nan kuma duk mun kife.

Ban san daga ina muryar ta fito ba.

"ZAUNA!"

Har tsuntsaye suka tashi daga cikin kacala. Na damƙi zaninta da hannu biyu na fizgo ta ƙasa, ta faɗo a cinyata, na rungume ƙugunta na danne ta da haɓata. Jirgin ya koma dama, ya dawo hagu, ya yi ta lilo a hankali kamar yana shawara. Ruwa ya rufe mana idon sawu. Bakin jirgin da nake ta aunawa yanzu bai fi yatsa biyu ba.

Dattijon ya tura wa doguwar ƙwarya da ƙafa. "Kwashe, a hankali. Hannu kaɗai, ban da jiki."

Haka muka ƙarasa. Doguwar tana kwashe ruwa, jariri yana kuka. Ina jin bugun zuciyar ƙawata a hannuna, ban sake ta ba sai da gaban jirgin ya daki laka.

Da muka sauka na zauna a ƙasa. Mai goyo ta dube mu ta buɗe baki, sai kawai ta girgiza kai ta wuce, abin ya fi zagi ciwo. Dattijon ya tsinci wayar a kan buhu, ba ta ko jiƙe sosai ba, fuskar nan tana nan a kai. Ya nisanta ta daga idonsa ya ƙura mata ido.

"Wannan ce ta tashe ki, 'yata?"

'Yar malam ta gyaɗa kai tana kuka. "Ka yi haƙuri, Baba."

"Mai zanen ya iya," ya ce, ya miƙa wa doguwar wayarta. "Amma bai taɓa ciro mutum daga ruwa ba. Ni na ciro. Ba haka fuskar take ba, ta fi wannan shiru."

Ya juyo gare ni. "Ke kuma, ashe kina da wannan muryar kika bari sai da ruwa ya shigo?"

A gidan suna ba mu iya cin komai ba. Muna zaune a gindin bango zanenmu na bushewa, sai doguwar ta taɓo ni, ba tare da ta dube ni ba.

"Wannan taki da ake cin abinci kawai, tana cikin wayar?"

Na nemo mata. Mu uku muka haɗa kai muna kallon wata tsohuwa tana yanka albasa, shafi bayan shafi, ba abin da ya faru. Ba wadda ta ce a canza.

Ba mu daina musu ba bayan nan, har muka gama makaranta doguwar tana kan bakanta cewa ta ban tsoro ta fi kowacce. Wataƙila ma tana da gaskiya, tunda ba mangar da ta taɓa yi mana abin da tata ta yi. Amma ni ranar ce na gane cewa in idonka ya ga abin da zai cuci mutane, faɗarsa a hankali daidai yake da rashin faɗa. Kunya tana da wurinta, kuma ba tsakiyar ruwa ba ne.