Sharifin da Ya Ɗaure Baƙonsa

Ni dai karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, amma in ana maganar fim ɗin kaboyi, ko farfesa sai ya cire takalmi kafin ya gaishe ni. Tun ina saurayi na sauke shi a silimar Kano, a kan benci, da gyaɗa a aljihu. Shi ya sa da tsufa ya riske ni a Riyad ina tuƙa iyalin wani Balarabe, mutanenmu suka naɗa ni tafinta, ba rawani ba albashi.

Majalisarmu ta Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, a ɗakin wani mai gadi a unguwar Shifa. Badamagare ne, wato bawana ne tun kaka da kakanni, ko da yake shi yana rantsuwa ni ne nasa. Ɗakin a ƙarƙashin matakalar bene yake, in ka miƙe da gaggawa sai siminti ya gaisa da ƙeyarka. Amma akwai talabijin da wani ɗan haya ya bar masa, kuma yana dafa shinkafa da kaza ba ya ƙyashi.

A wannan shekara akwai baƙo a ɗakin. Ɗan garinsu ne, tare suka yi kiwo suna yara. Kafilinsa, wato Balaraben da ya kawo shi ƙasar, ya kai shi cikin rairayi kiwon raƙuma, ya riƙe masa fasfo. Da wuya ta kai masa iya wuya ya gudo, kafili ya kai rahoto, iƙamarsa ta mutu. In takardar zamanka ta mutu a can, kai ma saura kaɗan. Sai ga shi an shiga kame, mai benen kuma ya kira mai gadi ya ce duk wanda aka samu a ɓoye a gidansa, tare da mai gadin za su hau jirgi. Mai gadin kuwa, gida guda ne a Damagaram ke ci daga wannan ɗaki na ƙarƙashin bene. Duk mun san zancen. Ba wanda yake taɓa shi.

Ran nan wata tasha ta saka tsohon fim, baƙi da fari, da fassarar Larabci a ƙasa. Wani dogo ne mai tauraro a ƙirji, shi ne hukumar wani ƙauye a bakin daji. Turawan suna kiran muƙaminsa da wata kalma tasu, mai fassara kuwa bai wahalar da kansa ba, ya rubuta ta da baƙaƙen Larabci yadda ya ji: ash-sharif.

Akwai wani mai wankin mota ɗan Maraɗi, mai baki kamar rediyo, wanda ya yi allo har ya iya haɗa baƙi. Ya buga cinya.

"Allahu akbar! Sharifi ne! Shi ya sa harsashi ke kauce mai."

Na ce, "Malam, ba sharifi ba ne. Ɗan doka ne, kamar sarkin dogarai."

"Alhaji, ga shi a rubuce da Larabci. Kai da aji huɗu za ka ƙaryata Larabci?"

"To, wane sharifi ka taɓa gani da kwalbar giya?"

"Wa ya ce maka giya ce? Tsimi ne."

Mai gadi ya ce, "Ku rabu da Bakano. In da kuɗin shiga ake karɓa da ya yarda."

Aka yi mini dariya, na haɗiye. Shekara da shekaru ina fassara musu ƙarya da gaskiya suna amin, yau da na zo da gaskiya tsantsa aka tsige ni.

Fim ya ci gaba. Wani aminin dogon, wanda ya taɓa ɗauko shi a kafaɗa daga daji yana mutuwar ƙishi, ya yi rigima da masu gonaki har aka rasa rai. Ya zo gidan dogon neman mafaka. Dogo ya ba shi abinci, ya ba shi shimfiɗa. Da gari ya waye ya sa masa ankwa, ya miƙa shi ga alƙali. Aka rataye shi, aka yi kiɗa, aka rubuta ƙarshe.

A nan ne na ga abin da ban taɓa gani a silimar Kano ba. A can kowa bayan jarumi yake. A ɗakin nan kuwa, ba sai ka tambayi mutum takardarsa ba, ra'ayinsa ya ishe ka. Duk mai iƙama da rai a aljihu cewa yake doka doka ce, mutumin ya sauke nauyin da aka ɗora masa. Waɗanda tasu ta mutu ko take shure-shure suka ce maci amana ne, wanda ya ci gishirinka ba ka miƙa shi. Ɗan Maraɗi ya shiga uku, don tasa saura wata guda, ga shi kuma shi ya naɗa mutumin sharifi. Sai ya ce wataƙila akwai hikima a ciki wadda mu ba mu gani ba.

Mai gadi yana ta kankare gindin tukunya. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ni dai in sharifi ya yi abu, ban isa in ce kuskure ne ba. Shi ma ai yana da mutanen da ke wuyansa."

Na ce, "Kai bawa, na faɗa maka ba sharifi ba ne. Kafiri ne mai cin alade."

"Na ji, Alhaji."

Ya ji, amma ba ya so. Kalmar ta yi masa daidai kamar takalmin aro, ba zai cire ba don wani direba ya ce ba nasa ba ne.

Baƙon nan tun da aka fara yana kusurwa, ya haɗe gwiwoyi, irin zaman mutumin da ya saba rage kansa. Ɗan Maraɗi, don ya fid da kansa, ya ce, "Kai fa, makiyayi? Ba ka ce komai ba."

Ya yi murmushi. "Ni laifin baƙon nake gani. Tun wajen cin abinci mai gida ya daina haɗa ido da shi. Me ya zaunar da shi har safe?"

Ba wanda ya yi dariya. Aka kira la'asar, muka tashi ɗaya bayan ɗaya muna kare kawunanmu daga siminti. Da muka dawo daga masallaci baƙon ya riga ya naɗe bargonsa, ya zuba kayansa a jakar leda. Mai gadi ya ce, "Haba ɗan'uwa, wa ya kore ka?" Ya ce, "Ba kowa." Suka yi musabaha irin ta mutanen da suka haɗu a tasha.

Na ce ya shigo mota in rage masa hanya. Ya ce, "A'a Alhaji, iƙamarka tana da rai, kar in shafa mata." Ya bi gefen titi da ledarsa. Bayan 'yan kwanaki muka ji an kama shi a wata kasuwa, yana gidan da ake tara waɗanda za a mayar. Mai gadi ya riƙe aikinsa.

Juma'ar da ta biyo mutane kaɗan suka zo, shinkafa ta yi saura. Ina ɗaura takalmi zan tafi, mai gadi ya biyo ni har ƙofa, ya rage murya.

"Alhaji, fim ɗin nan. Akwai kashi na biyu, ko? Inda ake gane bai mutu ba?"

Na so in yi masa ƙaryar da na saba. Na ce, "Babu. Su Turawa in sun rataye mutum, sun rataye shi ke nan."