Daren da Taurari Suka Zuba a Bayan Gidanmu

Ƙauyenmu yana gaba da Mai'adua, inda gonakin gero suke ƙarewa yashi ya karɓa. Sunan kakata ta wajen uba aka sa mini, don haka Takwara take kirana, mu kuma jikoki muna ce mata Iya. Idan sanyi ya shigo, bayan sallar isha sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa tana zuba mana tatsuniya. Mace ce mai kafiya. In ta ce ga yadda za a yi, ko mai gari sai dai ya haƙura.

Babana ne ɗanta na fari, shi ya sa ba ta kama sunansa, ba ta zama inda yake zaune. "Wancan" take ce masa. A shekarar da nake magana, ya bi motar fatake zuwa arewa, can bayan Damagaram, zai saro dabino da kanwa. Lokacin dawowarsa ya yi har ya wuce. Waɗanda suka tafi bayansa suka dawo, babu wanda ya gan shi. Innata ta rame ta lalace, Iya kuwa ko tambayar matafiya ba ta yi, kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki. Wallahi na ji haushinta, na ɗauka ba ta damu ba ne.

Wani dare muna bakin wuta sai muka ji salati daga maƙwabta. Muka ɗaga kai, ga taurari suna gilmawa, wannan bai mutu ba wani ya taso. A garinmu kuwa an yarda cewa duk tauraron da ya faɗi, ran wani ne ya fita. Inna ta fashe da kuka, ta tattara mu ta tura ɗaki, tana faɗin shi ke nan, Malam ya tafi, wato Baba.

Iya ta miƙe da sandarta. "Ke 'yar nan, fito mini da yara. Ba a yi makoki a gidan nan ba, ba kuma za a fara shi yau ba."

Ta watsa wa wutar yashi, wai haske yana hana ido gani. Ta tasa mu gaba, har da Inna, zuwa tudun yashin bayan gida. Duhu ne na gaske, ko tafin hannunka ba ka gani, ƙafa sai nutsewa take yi cikin yashi mai sanyi. Ta sa muka kwanta rigingine. Na maƙale a jikin Inna don tsoro.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji Iya.

Da ƙyar muka amsa, "Ta iso mu ji."

Wai akwai wata tsohuwa a sama, taurari su ne geronta. Shekara-shekara takan ɗauko faifai ta yi shiƙa, ƙaiƙayi ya zubo ƙasa. Wata rana mutanen wani gari suka ga yana zuba, suka ce sama ta ƙare. Suka daina girki, suka kwance dabbobi, kowa ya lulluɓa yana jiran mutuwa. Sai wata yarinya mai kiwon awaki ta ce ita sai ta ji daga bakin mai sama. Ta hau bishiyar kuka, ta taka gajimare, ƙafarta ta faffashe, ba ta juya ba. Da ta isa, tsohuwa ta yi mata dariya ta ce, "Ku mutanen ƙasa, abin da ya faɗi kawai kuke kallo. Duba faifan, tsabar ta ragu?"

Iya ta nuna da sanda. "Takwara, sarkin tsoro, nemo mini Kaza da 'Ya'yanta." Na lalubo tarin ƙananan taurarin nan, suna nan cif yadda na san su. "To, ƙaiƙayi ne ke zuba," in ji ta. "Ƙurunƙus, ɓera ya ja sauran." Ba ta bar mu mun tashi ba sai da Inna ta daina shessheƙa.

Bayan wasu kwanaki Baba ya dawo a bayan babur ɗin wani, ya yi baƙi, leɓensa duk sun tsage. Motarsu ce ta mutu a hamada, ruwa ya kusa ƙarewa. Ya ce a daren nan abokan tafiyarsa suka ga taurari na zuba, suka miƙe ƙafa suna kalmar shahada. Shi kuma ya tuna tatsuniyar nan ta Iya da ya taɓa ji daga bayan zana yana yaro, ya nemi Kaza ya gan ta da 'ya'yanta. Sai ya ɗauki jarka ya kama tafiya, har Allah ya haɗa shi da rijiyar Buzaye.

Iya tana jinsa, ta ba shi baya tana ɓare gyaɗa. Abin da ta ce kawai, "A ba wancan ruwa."

Yau na san abin da ke gilmawa a sama, 'ya'yana ma sun karanta a makaranta. Amma sai da na haifi nawa ɗan farin na gane Iya. Ba ta da damar kuka, ba ta da damar tambaya, tatsuniya ce kaɗai hanyar da aka bar mata, ta kuwa riƙe ta da ƙarfin tsiya don kada gidan ya rushe. A daren da Baba ya dawo, a ɗakinta na kwana. Ta ɗauka na yi barci. Sai na ji ta a hankali cikin duhu, tana ta maimaita sunan Baba: "Lawal. Lawal ɗina."