Kurungu Uku a Zauren Salmanu

Shagona na ɗinki yana jikin shagon Salmanu mai gilashi a Birnin Gwari, shekara biyar ke nan muna raba inuwa ɗaya. Tagogi yake haɗawa, da akwatunan gilashi irin na masu sayar da waya da burodi. Mutum ne mai tsaftar da har takan ba ni haushi. In ka sha shayi a bencinsa, kafin ka ajiye kofi ya riga ya ɗauko tsumma. Nakan ce masa ranar da ya mutu, shi da kansa zai tashi ya duba ko likkafanin ya wanku. Ba ya dariya, sai dai ya ce, "Tela, tsafta cikon addini ce," ya ci gaba da goge-gogensa.

Ba ɗan gari ba ne. Daga wani ɗan ƙauye yake a yankin Tabanni, gidaje ba su fi talatin ba, a bakin wani rafi da ke gangarowa daga daji. Shekarar da wurin ya gagari zama, suka taso da abin da hannu zai iya ɗauka. Salmanu ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Tasalla, a babur, da jarka ɗaya ɗaure a gaba. A cikin jarkar akwai ƙananan kurungu goma sha ɗaya, kifin nan mai gemu da ƙaya a baya. Asali na miya ne, ya kamo su a rafin kwana ɗaya kafin a tashi. Da suka iso gari aka rasa wanda zai iya sa musu wuƙa, domin su kaɗai ne abu mai rai da suka fito da shi daga gida.

Shekara huɗu kifayen suka yi a cikin rabin durom a gindin mangwaro. Ruwan kore shar, ganye na faɗawa ciki, ba mai kula da shi sai dai a ƙara bokiti in ya ja baya. Ko ɗaya bai mutu ba. Bara da aiki ya buɗe wa Salmanu, sai ya ce lokaci ya yi da zai fitar da su kunya. Ya yanka gilashi mai kauri, ya haɗa musu akwati a zaure, tsawonsa ya fi mutum a kwance, yana cin ruwa durom uku. Ya shimfiɗa farar tsakuwa, ya jera duwatsu a ƙurya ɗaya don su samu maɓoya. Ya aika Kaduna aka kawo masa ɗan famfo mai soso a ciki wanda ke tace ruwa, ya haɗa shi da solar da ke kan rufi. Gaskiya abin ya yi kyau, har daga wasu unguwanni ake zuwa kallo.

Inna Tasalla ba ta ga komai ba, don yanar ido ta riga ta rufe mata gani. Amma kullum da hantsi takan sa a shimfiɗa mata tabarma a zauren. Ba ta kiran sunan Salmanu, ɗan fari ne, sai dai ta ce, "Kai, suna nan?" Shi kuma ya ce, "Suna nan, Inna."

Ba a yi wata biyu ba suka fara mutuwa.

Ga yadda yake yi. Duk safiyar Juma'a sai ya kwashe kifayen a baho, ya zubar da ruwan kaf, ya ciro soso da tsakuwa ya dirje su da garin sabulu, ya shanya a rana, ya cika akwatin da sabon ruwan burtsatse. Ranar kam ruwa garau. Bayan kwana biyu sai ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, kifayen su taso sama suna hangame baki. Da ya ga haka sai ya ce datti ne, ya ƙara sabulu, har ya koma wanki sau biyu a mako. Daga sha ɗaya aka dawo tara, daga tara aka dawo shida. Ni kuma da bakina da ba ya gajiya, ina ta ce masa kifin ƙauye bai saba da gidan bene ba. Ya rame, ya rage magana, amma duk hantsi amsarsa ɗaya ce: suna nan, Inna.

Wata Juma'a na kai masa kaftaninsa, na tarar da shi tsugune gaban bokiti mai kumfa. Babban cikin kifayen yana kwance a kan jarida, ya sandare. Saura uku. Ya ɗora yatsa a leɓe don kada in yi magana, saboda tsohuwa tana kan tabarmarta.

"Kai, me kake wankewa kuma?" in ji ta.

"Soson famfo ne, Inna."

"Tun da ka kawo su cikin gilashin nan ban sake jin warin rafi a gidan nan ba. Ƙamshin wanki kawai nake ji. Zo ka kama ni."

Ya tashe ta, ya kai ta bakin akwatin, lokacin bai kai ga zubar da ruwan ba. Ta tsoma hannu a ɓangaren da famfo yake, ta ce nan ruwa na tafiya. Ta bi gilashin da lalube har ɗaya ƙarshen, ta sake tsomawa har gwiwar hannu, ta tsaya.

"Nan kuma kududdufi ne. A ina suke kwanciya?"

"Nan ɗin, ƙarƙashin duwatsu."

Sai a lokacin ni ma na lura. Famfon a ƙurya ɗaya yake zuƙa, a ƙuryar kuma yake fesowa. Ruwan can ƙarshe ko motsi ba ya yi, duk ragowar abinci da kashin kifi can suke taruwa, a daidai ɗakin kwanansu.

"Tun tasowarka," ta ce, "ka taɓa ganin na sa wa randa sabulu? Randa ɗauraye ta ake yi. Santsin nan na cikinta shi ke kwantar da ruwa. Haka duwatsun rafi, wa ya taɓa dirje su? Kai kuwa da sun fara yin santsi sai ka kankare." Sannan ta ce, "Nawa suka rage?"

Ya ce, "Uku, Inna."

"Na san ba su cika ba. Duk ranar da ɗaya ya tafi, tuwonka a rufe yake kwana."

Salmanu ya dubi hannuwansa, kumfa na ɗiga. Ya ce, "Ashe da hannuna," bai iya ƙarasawa ba, sai hawaye. Garin neman gira ya kusa rasa ido. Ni kuwa kunya ta kama ni, na tuna duk tsokanar da na yi masa alhali mutumin yana cikin makoki ne.

Ranar bai zubar da ruwan ba. Washegari bai buɗe shago ba. Ya ɗauko tsohuwar randar Inna, ya huda gindinta, ya ɗora ta a kan katako sama da akwatin. Ya zuba mata fasassun tukwane a ƙasa, sai tsakuwa, sai gawayi, soso a can sama. Ya kwaso duwatsu masu santsi daga tsohon rabin durom ɗin da ke gindin mangwaro, wanda Allah ya sa bai kife ba, ya ƙara a ciki. Famfon ya mayar da shi ƙuryar da ruwa ke kwance, ya ja bututu daga can zuwa bakin randa. A gindin randar ya maƙala wani bututun da ya huhhuda da ƙusa mai zafi, ruwa na zubowa ta nan a ɗaya ƙarshen. Yanzu dole ruwa ya ratsa akwatin daga wannan kai zuwa wancan kafin ya sake hawa.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne barin wankin. Kwana goma ruwan yana nan da hazonsa, na ga hannunsa yana ƙaiƙayi, amma ya daure. Bokiti uku kawai yake canzawa a mako, soson kuma a cikin ruwan da ya ɗebo yake matse shi. A mako na uku ruwa ya washe da kansa. Malam Isaiah, wani malamin kimiyya da nake wa ɗinki, ya ce wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ke zama a santsin suna cinye gubar kashin kifi. Na faɗa wa Inna, ta ce ita dai santsi ta sani.

Wata takwas ke nan. Salmanu yana nan da tsummansa, har yau ba a ajiye kofi a bencinsa lafiya. Amma makon jiya da na leƙa zauren na ga gansakuka ta ɗan kama gilashin baya, na zaro hankici da gangan kamar zan goge, sai ji na yi Salmanu ya riƙe mini hannu gam. Kifayen uku sun fito daga duwatsu, sun jera kansu suna fuskantar inda ruwa ke tahowa.

"Kai, suna nan?" in ji Inna daga tabarma.

"Uku, Inna." Haka yake amsawa yanzu.

Ta miƙa hannu, ya tashe ta ya kai ta inda ruwan randa ke zuba. Ta tara tafinta, ta kai hanci, ta daɗe tana shaƙa.

"Nan ne," ta ce. "Rafinmu, ƙasan tsamiya, inda muke ɗiban ruwan sha."