Gwangwanin Afiniki Ya Hau Jirgi

Ranar da matar yayana, Afiniki, ta miƙo mini takarda ta ce in karanta mata, sai da na ɗora tabarau, na gyara murya kamar fasto, sannan na tsallake layi guda. Ɗan ƙarami ne can ƙasa, na ɗauka gaisuwa ce. Ashe shi ne ya ce a ƙara kwatan inci a kowane gefe saboda bakin ɗinki.

A 1991 ne, lokacin ina gadin jirgin ƙasa. Madam Fidelia, matar wani ma'aikacin reluwe a Kafanchan, ta haɗa mata ashirin da huɗu daga Kaduna, Jos, har Makurɗi, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Kowane wata Madam takan aika wa kowacce samfur a takarda, ita kuma ta harhaɗa ƙyallaye ta ɗinka ɗan fili mai kusurwa huɗu, inci shida. Gida suke ce masa, kuma babu biyu masu kama ɗaya. In gidaje sun taru, sai a haɗa bargo. Mu na jirgi mu ne 'yan aike.

Afiniki manomiyar citta ce. Ba ta yi makaranta ba, ba ta da keken ɗinki, amma tun da ta ga gida ɗaya a hannun wata a coci ta hana Madam sakat. Madam ta kalli tafin hannunta, kaushi kamar bayan itace, ta sa sunanta, ta kuma gaya mata doka: wadda aikinta ya dawo sau uku, ta fita.

Na farko ya dawo, ya yi ƙanƙanta. Wannan aikina ne. Na biyu ta ƙara da ido, ya dawo, ya yi girma. Ni na kawo mata ambulan ɗin har gona, na yi tayin sake karatu a hankali. Ko kallona ba ta yi ba. Ta wanke hannu a rafi, ta wuce gidan Madam a kwatas ɗin reluwe.

Ba takarda ta nema ba. Ta roƙi Madam ta ara mata gida ɗaya da aka riga aka gama, ta warware shi zare bayan zare, ta shimfiɗa kowane ƙyalle a kan gwangwanin madara da ta buɗe ta daddaka, ta zana da ƙusa, ta yanka da tsohon almakashin yayana. Gwangwani ba ya miƙewa, ba ya lanƙwashewa kamar takarda, kuma ba ya tsallake layi.

Na ukun, Madam ta auna da tef, ta juya shi ta sake aunawa.

"Afiniki, wa ya taya ki?"

"Madara," in ji Afiniki.

Kafin damina ta fita, gwangwanayen nan sun fi ni yawo. Har wata mai keken ɗinki na ƙafa a Jos ta rubuto tana neman nata. Afiniki takan dawo daga gona ta zauna tana yanka, ni ina kaiwa, aljihuna duk ya yage.

A 1993 aka rataye bargon a zauren coci, mata suka sauko daga jirgi suna neman juna da suna. Gidan Afiniki, ganyen citta kore a kan rawaya, shi aka sa a tsakiya. Suka ɗaga ta sama da guɗa, ita tana riƙe ɗankwalinta kada ya faɗi.

Da aka lafa na matso. Na ce, "Matarmu, shekara biyu ina ɗaukar kayan nan. Ko a gefe ai a ɗinka sunana."

Ta ce, "Levi, kai ma ɗaukar ka aka yi. In za mu sa suna, na direba za mu sa."