Inda Murhun Yake

Ina shekara ta huɗu da fara tuƙi a Riyad, kafil ɗina, wato uban gidana, ya ce in shirya, za mu kai mahaifiyarsa kudu, can kan duwatsu. An gyara wani tsohon gidan sarauta an mai da shi otal, ita kuwa tun da ta gan shi a talabijin ta hana kowa sakat.

Hajiya ba mai magana ba ce. Duk zamana a gidansu na unguwar Nasim, daga "yalla" sai "shukran" nake ji a bakinta. Amma da muka fara hawan dutse sai ta sa na sauke gilashi, tana ta leƙe.

Gidan ya gyaru, ba ƙarya. Bangon dutse, ƙofofin katako masu sassaƙa, ƙamshin turare ko'ina. Wani ma'aikaci ya tarbe mu da gahawa, yana nuna inda sarki yake ganawa da baƙi. Hajiya ko kallo. Ni nake tura ta a keken guragu, sai ta ce, "Ɗana, bi da ni ta baya."

Muka bi wani lungu har wani ɗaki da ake sayar da zuma.

"Nan murhun yake," in ji ta. "Nan uwata take gasa musu gurasa, ni ina miƙo itace. Rufin nan baƙi ƙirin yake da hayaƙi. Sun kankare."

Kafil ya dube ni, ya dubi ma'aikacin. Na sha jin yana gaya wa abokansa cewa kakanninsa mutanen fada ne.

"Umma, mu je ki huta," ya ce a hankali.

Ba ta kula shi ba. Ta juyo gare ni. "Kai uwarka me take yi?"

Na ce, "Ƙosai take soyawa a Maraɗi, Hajiya."

"Tana da rai?"

"Tana nan."

Ta gyaɗa kai, ta ce in matsa da ita jikin bango. Ta daɗe tana shafa shi, mu uku muna tsaye.

Kwana biyu muka yi. A hanyar dawowa kafil ya bar gidan gaba ya koma baya kusa da ita, yana tambayarta sunan kakarsa da yadda ta rasu. Ashe bai taɓa tambaya ba. Na rage rediyo, na ci gaba da tuƙi, ina tunanin nawa 'ya'yan da abin da suke cewa in an tambaye su aikin ubansu a Saudiyya.