Yatsu Uku na Sarkin Maƙera

Ɗana, wanda yake koyarwa a sakandare, ya ba ni labarin waɗansu garuruwa na ƙasar Koriya ta dā. Sun yi arziki da cinikin ƙarfe, suka ƙi yarda da sarki ɗaya, har maƙwabciyarsu ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Yana faɗa yana mamaki. Ni ban yi ba, don na ga irinsa a ƙasar Sandamu.

Mu maƙeran ƙauyuka biyar muka haɗu, bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Kowane ƙauye da Sarkin Maƙeransa. Ni aka ba rubutun taro, saboda ni kaɗai na gama firamare.

Da farko abin ya yi albarka. Mukan sayo tsohon sifirin mota daga Kano a tare, mu raba biyar. Fartanyarmu da laujenmu suka kai Mashi, suka tsallaka Nijar. Maƙerin da ke zuwa kasuwa a ƙasa ya koma zuwa a babur. Shugaba dai babu. Ko taro sai a gindin wata tsamiya tsakanin gonaki, don kada a ce wani ya taka zauren wani.

A shekara ta uku wani Alhaji ɗan kasuwa ya zo daga Nijar. Yana son ruwan garmar shanu, wato ƙarfen bakinta, mai yawa kafin ruwan shuka, aikin da zai riƙe mu shekaru. Sharaɗinsa ɗaya: huda biyun da ake ɗaura noti su zama tazara ɗaya a kowane ruwa, don kowanne ya hau kowace garma.

To, a al'adarmu tazarar huda yatsu uku ne na Sarkin Maƙeran gari. Sarakuna biyar, hannuwa biyar. Na ƙauyen gabas yatsunsa kamar rogo, na ƙauyenmu kamar tsinke.

Na yanko gwangwani na kawo taro, na ce a huda shi sau ɗaya, kowa ya auna da shi.

Na gabas ya ce, "Madalla, Malam. Kawo in ɗora hannuna."

Namu ya ce, "Hannun wa? Wannan hannun naka ai faifan tuwo za a auna da shi."

"Gara nawa. Naka in an ɗora, sai an kira mai neman allura."

"Kakana ne ya koya wa kakanka riƙon awartaki!"

"Shi ya sa har ya mutu yana ƙona gemu."

Aka yi dariya, aka tashi ba a huda komai ba. Taro na biyu na ce a auna da hannun Alhaji. Suka ce baƙo ba ya auna wa maƙeri. Taro na uku suka ɗunguma wurin alƙali. Ya saurare su tsaf, ya ce bai ga hukuncin kaurin yatsa a littafi ba, su je su sasanta.

Ba su sasanta ba. Kowane ƙauye ya ƙera nasa da hannun sarkinsa, wai Alhaji zai gane na ƙwarai. Ya zo da garma ɗaya da sifana, ya gwada a gabanmu. Na ƙauye ɗaya ne ya hau, shi ma da duka. Bai yi faɗa ba. Ya kwashi aikin ya kai wa wani mai walda a cikin Daura, mutumin da bai gaji ƙira ba.

Daga nan sai zubewa, kuma a jere ta zo. Na gabas suka fara kai wa mai waldan ƙarfensu. Na kudu biyu suka bi bayan girbi. Na huɗu suka sayar da uwar maƙerarsu. Mu muka rage, muka yi damina ɗaya muna cika baki, sannan muka bi sahu.

Ranar da na kai kaya shagon, na tarar da sarakunan nan biyu, na gabas da namu, zaune a benci ɗaya, kowa da masaba. Mai walda yana bi yana ɗiga alli a kan ƙarfe, su kuma suna hudawa daidai inda ya ɗiga.