Ragon da Ya Fi Ɗangiwa Igiya

Ɗangiwa na Sanyinna ya yi soja, amma kada ku tambaye shi yaƙi. Aikinsa a bataliya kiwon rago ne. Bataliyar tana da farin rago da ake sa wa ado a gaban fareti, kuma wani kanar Bature mai son wasa ya ba ragon igiya biyu, ya zama kofur. Ɗangiwa kuwa farabiti ya shiga, farabiti ya fita, ko igiya ɗaya bai samu ba.

Da aka samu mulkin kai, sabon kwamanda ɗan ƙasa ya ce ragon ya tsufa. Aka sallame su rana ɗaya, Ɗangiwa ya taho gida da Kofur.

Ba wanda ya iya zama a cikinsu. Da asuba sun fita maci, su zaga gonaki, su leƙa kasuwa, su dawo, su sake fita. Gonarsa ta zama ta ciyawa. Matarsa Bara'atu ta yi mita har ta gaji, ta ce ita dai ta auri mai ƙaiƙayin ƙafa. Duk Babbar Salla sai mutane su zuba ido, shi kuwa ya ce ƙarami ba ya ɗaga wa na gaba da shi hannu. Mun yi ta dariya, ni ma na yi.

Sai Kofur ya daina cin dusa, ya kwanta. Liman ya aiko cewa a yanka shi kafin ya zama mushe a ja shi bayan gari. Wannan kalma ta mushe ta hana Ɗangiwa sukuni. Ya wasa wuƙa ya ajiye, ya shiga ɗaki ya fito. Can ya ari jaki, ya ɗora ragon, ya kama hanyar Tambuwal wurin Saja Abdulkarimu, tsohon soja da ke masinja a ofishin En'e.

Saja ya fara dariya, da ya dubi fuskar mutumin sai ya haɗiye ta.

"Saja, ba ni iyawa sai da oda," in ji Ɗangiwa. "Kai ɗai ka fi shi igiya ƙasag ga."

Saja ya miƙe, ya gyara hula, ya ba da oda yadda ake bayarwa a bariki. Ɗangiwa ya ƙame, ya sara wa ragon, ya yi bisimilla. Ya rabar da naman nan Tambuwal, ko tsoka bai kawo gida ba.

Washegari rana ta fito ta same shi zaune a ƙofar gida. Tausayinsa ya kama Bara'atu, ta ce ya tashi ya ɗan zaga mana, ko ƙafa ta saki.

Ya ɗago kai ya ce, "Da wa?"